Ramatu da Ciyawar Magudana

Ramatu ta karɓi hawasha, gonar da mijinta yake nomawa kusa da garin Hajj Abdalla, a shekarar da ciwon baya ya kwantar da shi. Mace ce gajeriya mai ƙarfin murya, ba ta jiran kowa ya buɗe mata ruwa daga tur'a, hanyar ruwan da ke shayar da gonaki.

Ta tarar maƙwabta sun daina juya shuka. Alkama bana, alkama baɗi, sai a yi ta zuba takin yuriya kafin a sako ruwa. Ita ma haka ta yi da farko. Wata safiya ta tsaya a ƙarshen gonarta, inda ragowar ruwa yake fita, ta ga ciyawar magudana ta yi kore shar, alkamarta kuwa ta ɗashe.

Ta sami Osman, malamin gona da ke zagaya ƙauyukansu, ta ja shi har wurin.

"Ɗana, duba nan. Ciyawa nake ciyarwa ko alkama?"

Osman ya yi dariya, ya ce, "Hajja, duka biyun. Takin nan idan ya shiga ƙasa yakan zama wani gishiri mai saurin narkewa. Abin da shuka ba ta sha ba, ruwa ya tafi da shi. Wani ya bi magudana, wani ya sauka ƙasa, yana iya kaiwa rijiya."

Maganar rijiya ce ta tsaya mata a rai, don jikokinta can suke sha.

Da damina ta raba gonar. Gefe guda gyaɗa, gefe guda dawa, sauran ta sa wake. Alkama ta biyo bayan gyaɗa, don gyaɗa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Takin ma ta rage shi, ba ta ƙara zuba shi gaba ɗaya ba, sai kaɗan-kaɗan idan shuka ta tashi, kuma ta toshe mafitar ruwa da laka har ƙasa ta shanye.

Maƙwabcinta Alhasan ya ce mata, "Hajja, rowa za ki yi wa ƙasa?"

"Ka zo ranar girbi," in ji ta.

Ya zo kuwa. Alkamarta ba ta kasa tasa ba. Ya daɗe yana murza zangarniya a tafin hannu, sannan ya tambaye ta ko tana da sauran irin gyaɗa. Ta auna masa, ta bi shi har gonarsa ta nuna masa gefen da zai fara.