Kawu Labo da Kujerar Jirgin Ruwa

Duk wanda ya san Kawu Labo ya san ba a ce masa "taso mu je" ya taso nan take. Ko ta'aziyya ce a bayan gari, sai ya ɗaura wa sansa amalanke, ya fito da kujerar nan tasa ta katako da zane wadda ake kishingiɗa a ciki, ya ɗaure ta tamau a tsakiya, ya kafa lema a kanta, ya jera butar shayi da gawayi da farin tawul. Sannan ya hau, ya miƙe ƙafa, ya riƙe doguwar igiya ya ce wa san, "Kaftin, bisimilla." Sunan san ke nan, Kaftin! In ka ce, "Haba Kawu, ga mota nan za ta Maraɗi, mu hau mana," sai ya dube ka sama da ƙasa ya ce, "Ni ban tahiya kamar buhun gujiya."

Yayan mahaifiyata ne, kuma a Gidan Rumji darni ɗaya ya raba gidanmu da nasa, don haka labarin kujerar nan na ji shi har na haddace. Tun kafin mulkin kai yana yi wa wani bature mai sayen gujiya aikin kuku. Wata shekara suka gangara Kutanu za su shiga jirgin ruwa zuwa Abijan, sai zazzaɓi ya kwantar da baturen ranar tafiya. Ya ce Labo ya yi gaba da kaya, ya laluba aljihu cikin ciwo ya miƙa masa takardar shiga jirgi. Ashe tasa ya miƙa. Kawu kuwa ya sha babbar riga da rawani, ga shi dogo, ga gemu. Ma'aikatan jirgi suka duba takarda, suka dube shi, suka yanke cewa wani sarki ne daga arewa. Sai sama, ɗakin manya, wanda har ya rasu yake kira "firimiya".

Na taɓa ce masa, "Kawu, ba ka gaya musu gaskiya ba?"

"Sun tambaye ni? Ba su tambaya ba, ni kuwa ban yi ƙarya ba. Kwana ukku ana rusuna mani, ɗan nan. Ni da ni ka rusuna ma tukunya!"

Kwana ukun nan su suka lalata shi har abada. Ya ce da safe ana kawo masa shayi yana kishingiɗe yana kallon ruwa, da rana a kawo wasu jajayen ƙwari a faranti. Na ce, "Ka ci?" Ya ce, "Mi za shi hana? Hwarar ruwa ce. Sai dai ba su iya suyarta ba, ba yaji." Da za su sauka ya roƙi wata tsohuwar kujera da zanenta ya yage, aka ba shi. Ya sha wahalarta a jirgin ƙasa da manyan motoci har gida, bai taɓa yarda an ɗora mata kaya ba.

Sau ɗaya na yi kuskuren bin sa kasuwar Cadakori. Mun fita ana sallame asuba. Ba mu yi nisa ba ya ja igiya ƙarƙashin wani gawo ya ce, "Eskal." Wai haka jirgi yake tsayawa a tasha. Aka hura gawayi, aka sha shayi. Muka ɗan taɓa, ga tsamiya: eskal. Masu jakuna suka wuce mu, masu ƙafa suka wuce mu, wata tsohuwa da tulu ta wuce mu tana yi mana sannu da hutawa. Muka shiga Cadakori 'yan kasuwa na naɗe tabarmi.

Na ce, "To ga shi nan, Kawu, kasuwa ta watse!"

Ya share wuya da tawul ya ce, "Madalla. Ai manya ba su shiga sai cunkoso ya hita."

Akwai kuma kwalbar teku. Ya ɗebo ruwan teku a kwalba ya toshe da tsumma, duk baƙon da ya zo sai ya ɗiga masa a tafin hannu ya lasa. Wata rana gishiri ya yanke wa matarsa, Inna Tsahara, miya tana kan wuta, ga baƙi. Ta ɗauko kwalba ta juye rabi. Miya ta yi daɗi, sai tsoro ya kama ta. Washegari ta jiƙa gishirin Bilma a ruwan rijiya ta cika kwalbar. Ba a kwana biyu ba wani malami ya zo daga Gazawa, Kawu ya aika a kawo teku. Inna tana bayan zana tana leƙe. Ya ɗiga wa baƙo, ya ɗiga wa kansa, ya lasa, ya lumshe ido.

"Malam, ka ji ko? Wanga shi na gishiri. Ba irin tarkacenku na Bilma ba."

Inna ta ce sai da ta zauna a ƙasa don sanyin da ta ji. Shekara tara tana yi wa teku ciko, bai taɓa tambayar dalilin da ba ta raguwa ba.

Amma ranar da ba zan manta ba ita ce wadda kwamanda, mai mulkin yankinmu, ya yi baƙi. Ba a daɗe da ɗaga sabuwar tuta ba, na gama lakol, wato makarantar boko, aka ɗauke ni komi, ina rubuce-rubuce a buro, ofishin kwamanda. Kwamandan namu ne, baƙin mutum, amma ya fi baturen da ya gada zafi. Wata kaka ya kira ni ya ce abokinsa na karatu, wani likita daga Abijan, ya zo da matarsa yawon ganin ƙasa. Suna son su ga kokawa a Gidan Sori, ni zan raka su in yi tafinta. Ya ce, "Sani, mutanen nan sun saba da otal da fanka. In suka dawo da ƙorafi ko guda, ka nemi hauyarka."

Abu na farko da na yi shi ne ɓoye wa Kawu. Na san in ya ji kalmar Abijan, an gama.

Muka fita da hantsi, ni da direba a gaba, likita da madam a baya. Madam ta sa farar riga da takalmi mai tsini. Can a hanya na hango lema. Shi ma kokawar za shi! Na sunkuyar da kai kamar mai neman abu a ƙasa, muka wuce shi fuu, muka bar masa ƙura.

Ba mu yi wata tafiya ba motar ta nutse a rairayin bakin gulbi. Direba ya ba ta wuta, ta ƙara nutsewa. Muka tona, muka sa kara, muka tura, har likita ya cire kwat. Ina! Rana ta take, ruwan da muka zo da shi ya ƙare, rabi ma motar ce ta sha. Direba ya tafi neman mutane a wani ƙauye. Babu inuwa ko ta kaba. Madam ta daina magana, ta jingina da ƙofa, leɓɓanta sun bushe, likita yana yi mata fifita da hula yana kallona. Ni kuwa a raina har na fara zaɓen gonar da zan koma.

Sai na ji ƙiiƙii, ƙiiƙii. Kaftin ne yake tafe a hankali, kamar ba shi da inda za shi. Kawu ya ja igiya, ya dubi mota, ya dube ni.

"A'a, Sani! Ba kai na ka wuce ni ɗazu kana neman allura ƙasan mota ba? Ka gane ta?"

Sai ya leƙa gefen mota. Ya ga halin da madam take ciki, wasa ya tsaya. Ya diro, ya ɗauko salkar ruwa, ya jiƙa tawul ya miƙa wa likita ya ɗora mata a goshi, ya ba ta ruwa kaɗan kaɗan. Da ta farfaɗo ya kakkaɓe kujera, ya rusuna ya ce, "Madam, firimiya." Ban da shi, ban taɓa ganin wani mahaluki a kujerar nan ba sai ranar. Ta hau, ta kishingiɗa ƙarƙashin lema, ta yi ajiyar zuciya. Likita ya ɗaga ƙafa zai bi ta, Kawu ya tare shi da hannu.

"Gaya mashi firimiya mutum guda ta ka ɗauka. Shi zauna bisa buhun harawa. Kuma mutumen da ya kawo mace cikin rairai da takalmin tsini, ko harawar ta yi mashi yawa."

Na juya na ce wa likita da Faransanci wai kawuna yana yi masa barka da zuwa, yana roƙonsa ya zauna nan. Kawu ya ce, "Kai, abin da ni ce ya hi haka tsawo." Kafin in yi wata dabara, sai likita ya buɗe baki da Hausa, irin ta 'yan goro: "Bari, na ji shi. Tsoho yana da gaskiya." Wayyo! Ashe shekara da shekaru yana duba Hausawan zango a Abijan. Na so rairayin nan ya haɗiye ni yadda ya haɗiye mota. Shi kuwa ya haye harawa yana dariya har da buga cinya.

Daga nan tafiya ta koma hannun Kawu. Gawo na farko: eskal. Na matsa na raɗa masa, "Kawu, don Allah, kokawa za ta tashi, aikina ne a kai." Ya ce, "Hura wuta." Aka yi shayi. Ya kwance wani ƙulli, sai ga soyayyar fara da yaji. Madam ta ja baya. Ya ce wa likita, "Ce mata ta ruwa da kuka ci can ta hi wagga yawan ƙahwahu." Ta rufe ido ta ɗauki ɗaya. Ta tauna. Ta buɗe ido ta ɗauki uku.

Gaba kaɗan ya karkata zuwa wata ruga, wurin wata Bafulatana da ya sani, Inna Jebbu. Ta dama fura da kindirmo a sabuwar ƙwarya, ta ce, "Miyetti, na gode, Labo, yau ka kawo mini amarya daga ina?" Ta kama hannun madam tana juya awarwaronta, madam tana taɓa kitsonta, babu mai jin yaren wata, suna ta ƙyalƙyala dariya. Madam ta cire takalmin tsini ta taka ƙasa, ta je ta ga yadda ake tatsa. Ni ina ta kallon rana tana karkata.

Muka doshi Gidan Sori bayan la'asar, na riga na sallama. Sai na ji ganguna suna tashi. Ashe mutane sun hango lema daga nesa, suka ce wani babban basarake ne tafe, aka dakatar da karon manya har ya iso. Aka buɗe mana fili, amalanke ya tsaya a gaba, madam ta kalli kokawa tana kishingiɗe, ta fi mai gari samun wuri. Da aka yi kaye ta miƙe tsaye tana ihu, ba takalmi. Kafin magariba direba ya iso da mota, muka juyo.

Kwana biyu ba na cin abinci sosai. Rana ta uku kwamanda ya kira ni. Ya ɗaure fuska ya ce, "Wa ya ɗora abokina a kan harawa? Wa ya ba matarsa fara?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, laifina ne. Kawuna tsoho ne, a yi masa haƙuri."

Sai na ga kafaɗunsa sun fara rawa. Ya fashe da dariya har da hawaye. Ya ce baƙi sun zaga ƙasar nan tun daga Yamai, an kwantar da su a manyan gidaje, an yanka musu raguna, amma madam ba ta da zance sai na tsoho mai lema. Ya ce, "Wata mai zuwa ina da wasu baƙi. Ka ce masa ina son shi."

Na fita buro na yi hamdala ta fi goma. Na ruga gida na tarar da Kawu yana ba Kaftin dusa. Na zayyana masa, ina jira ya yi tsalle. Ko ɗagowa bai yi ba.

"Ce ma kwamanda shi riƙa magana da wuri. Kaftin bai hita ran Juma'a, kuma ban ɗaukar mai gaggawa."

Haka na je na faɗa, haka kuma kwamanda ya bi.

Allah bai ba Kawu haihuwa ba, mu ne 'ya'yansa, kuma bai taɓa bari mu ji bambanci ba. Ya rasu wata damina bayan sallar azahar, hatsi ya fara fitar da kai, ba doguwar jinya, ba wahalar da kowa. A wurin zaman makoki an yi ta ƙoƙarin a natsu, amma da wani ya ce "kun tuna ranar da," sai ka ga dattawa suna rufe baki da hannun riga, ido na zubar da ruwa, ba ka san na kuka ne ko na dariya ba. Allah ya jiƙan Kawu Labo, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa, ya haɗa shi da Inna Tsahara, wadda ta riga shi, cikin rahama. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.