Hoton da Malam Bawa Ya Ƙi Ɗauka

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau da safe ina ɗaura igiyar takalmi zan fita aiki, saƙo ya shigo daga Bakura: Malam Bawa ya rasu bayan sallar asuba.

Sai na zauna a ƙasa da takalmi ɗaya a ƙafa. Ni kaɗai ce a gidan nan, babu ko wanda zan gaya wa.

Ga waɗanda ba su san shi ba, ni ma'aikaciyar jinya ce a Ingila. Ni da wasu abokan aikina muna da 'yar ƙungiya mai tallafa wa marayu a ƙauyuka uku tsakanin Bakura da Talata Mafara. Mu namu aikawa ne daga nesa. Malam Bawa, manomin albasa, shi ne ƙafarmu da idonmu. Shi ya samo filin da ake noma wa yaran shinkafa da ruwan dam ɗin Bakolori, shi ya tsaya a rana har aka gama rijiyar burtsatse.

Kowace Juma'a sai ya turo mini saƙon murya. Gaisuwa kaɗai sai ta ci minti uku: ina gajiya, ina sanyi, ina aiki, ina baƙunta. Shekarata goma sha ɗaya a nan, bai taɓa daina tambayata baƙunta ba. A garin da maƙwabcinka zai gyaɗa maka kai ya wuce, ku kwatanta abin da muryar nan take yi mini.

Lokacin da mahaifiyata take kwance a Mafara, duk ranar kasuwa sai ya biya ta wajenta, ya kira ni, ya kara mata wayar a kunne.

Abu ɗaya ne ya haɗa ni rigima da shi: hoto.

Masu taimaka mana a nan suna son ganin fuskokin yaran. In na ce ya turo hoton marayu, sai ya turo mini hoton albasa. In na matsa, ya turo buhunan shinkafa. Wallahi wani lokaci har haushi yake ba ni. Kuma bai taɓa tara yaran ya raba musu kaya ba. Gidan da yaro yake zaune zai kai, ya miƙa wa mai riƙonsa, yaron ya ɗauka kawunsa ne ya saya masa.

Bara da na je gida, muka zauna a bakin kanal ɗin ban ruwa yana wanke ƙafa. Na ce, Baba, don Allah mene ne a hoto guda?

Ya ƙarasa wanke ƙafarsa. Sannan ya ce, “Ɗiyata, shekarar da ruwan dam yac ci garinmu can wajen Maradun, cikinta ubana yar rasu. Wasu sunka zo da barguna, anka jera mu, anka ɗauki hoto. Bargon bai yi shekara biyu ba. Amma har yau tsarana Ɗan Bargo su ka ce mini.”

Ya cika mini leda da albasa, wai in kai Ingila. Rabona da shi ke nan.

Kun ga na ji wannan da kunnena. Duk da haka, da abokan aikina suka ce muddin babu fuskar yaro ko ɗaya a taronmu na neman tallafi ranar Asabar mai zuwa za su janye, sai na sake roƙonsa. Ya turo hoto ɗaya: takalman yara jere a ƙofar makarantar Islamiyya, manya da ƙanana. Da saƙon murya a ƙarƙashinsa.

Na yi fushi, na ƙi buɗewa. Kwana tara.

Yau na buɗe. Gaisuwar nan ce dai tiryan-tiryan, har da baƙunta. A ƙarshe ya ce, “Ga su nan dut sun zo makaranta. In kin iya gane takalmin maraya ciki, ki gaya mini, sai in ɗauko miki huskatai.”

Na duba, na sake dubawa. Ban gane ba.

Na amsa masa gaisuwar a fili, ɗaya bayan ɗaya, ni da bango.

Hoton takalman nan shi zan kai taron Asabar. Mai tsayawa ya tsaya, mai tafiya Allah ya raka taki gona. Ina tsoro, ba zan ɓoye ba, don ban san wa zai riƙa bi gida-gida yanzu ba. Amma ba zan jera yaran Malam Bawa ba.

Kada ku tambayi me ya sa ban sa hotonsa a nan ba. Na bincike wayata kaf, ba ni da ko guda. Albasa ce kawai.

Ya Allah, Malam Bawa ya rufa wa marayu asiri, Ka rufa masa nasa. Ka yafe masa, Ka haskaka kabarinsa, Ka yafe mini kwanaki taran nan.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa Malam Bawa a addu'a. Masu zuwa gaisuwa Bakura kuma, in kun ga yaran, ku gaishe su da kyau, ku bar waya a aljihu.