Giya ta Biyu a Rafin Hanyar Runka

Duk wanda ya taɓa jiran mota a tashar Batsari ya san Abdulgaffar. Ko bai san sunansa ba, ai ya san motarsa: wata tsohuwar akori-kura mai ruwan ƙasa, wadda ƙofarta ɗaya da igiya ake ɗaure ta. Siririn mutum ne, ba shi da yawan magana, kullum da asuwaki a gefen baki. Shekara goma sha tara ke nan yana jigilar mutane da gero da awaki tsakanin Batsari da Runka. Motar ta wansa ce, Lawal. Shi ya koya masa tuƙi, yakan ɗora hannunsa a kan nasa bisa sandar giya ya ce, "Lallaɓa ta ake yi, Gaffaru, ba kokawa ba."

To, sai motar nan ta tsiri wani hali. Ko'ina aka bi da ita lafiya lau, giya na shiga kamar an shafa mata man shanu. Amma akwai wani rafi mai yashi kafin a kai Runka, inda dole direba ya sauko daga giya ta uku zuwa ta biyu don ya haye tudun da ke gaba. Nan fa take ƙi. Sai ka ji ƙarrr, kamar ana niƙa tsakuwa, ta tsaya cak a tsakiyar yashi. Wurin kuwa ba na tsayawa ba ne. Duhuwar itatuwa ce hagu da dama, kuma kowa ya san masu ratsawa ta nan da bindiga.

Fasinjoji suka fara gudunsa. Mata su ɗora kaya a ka su wuce shi, sun gwammace babur. Rannan shugaban tasha ya ja shi gefe ya ce, "Ko ka gyara ta kafin kasuwa mai zuwa, ko ka fita layi. Ba ni zuba maka rayukan mutane ka je ka shanya su a rafi."

Sai ya nufi garejin Baba Mamman, tsohon bakanike mai aiki a gindin tsamiya. Baba ya duba man kuloci, ya tarar da shi cike. Ya fitar da iskar da yake zaton ta shiga. Ya zubar da man giya ya sa sabo, ya canza robar da ke gindin sanda. Kwana biyu yana kwance ƙarƙashin motar, har giyabos ya sauke, bai ga komai ba sai tsufa.

"Gaffaru, motar nan ta fi ka lafiya," in ji shi, yana goge hannu. "Da mace ce da na kai sadaki."

"Da ka sha kunya a rafi, Baba." Abdulgaffar ya yi murmushi, murmushin ya gushe. Ya rage murya. "Riƙe ta ake yi. Daga baya. Ina jin nauyin hannun."

Baba Mamman bai yi dariya ba. Garin duka ya san a rafin nan Lawal ya ɓace, damina uku da suka wuce. Yashi ya riƙe motar, Lawal ya sauka turi, sai harbi ya tashi daga cikin itatuwa. Abin da Abdulgaffar ya faɗa wa mutane shi ne wansa ya ruga daji. Tun daga ranar ba gawa, ba waya, ba labari. Ba a yi masa salla ba, ba a zauna makoki ba.

"Gobe da hantsi mu je in gani da idona," in ji Baba.

Suka tafi su biyu, motar ba kaya. Gero ya yi kai a gonaki, wasu gonakin kuma ciyawa ce kawai, masu su sun yi hijira. Baba bai kalli hanya ba, ƙafafun direba ya zuba wa ido. Suka gangara cikin rafin. Ƙarrr! Motar ta yi tsalle ta mutu. Ba ka jin komai sai kukan kurciya.

"Matsa," in ji Baba. Ya karɓi sitiyari, ya ja da baya har bakin rafi, ya sake tahowa. Uku, biyu, shiru kake ji, motar ta haye tudu. Sai da suka yi nisa da itatuwan ya tsaya.

"Ɗan nan, mi kake kallo a madubin gefe?"

Baba ya ci gaba da cewa:

"Da mun shiga yashi sai ka karkata, ka ja jiki baya, ka kafe madubi da ido. Ƙafarka ta hagu ta biyo ka. Rabin kuloci kake takawa. Ko sabuwa dal ce, haka za ta yi maka kuka."

Asuwakin ya faɗo daga bakinsa. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa kafin ya ce, "Bai ruga daji ba, Baba. Turinsa ne ya fitar da mu. Giya ta kama, na taka, ban ɗaga ƙafa ba. Na gan shi a madubi yana tsaye, hannuwansa a miƙe yadda motar ta suɓuce masa. Bai ma kira ni ba."

"Mutum nawa ne a bayanka ran nan?"

"Sha huɗu. Da jariri."

Baba ya yi salati a hankali. Bai ce ya kyauta ba, bai ce ya yi laifi ba. Ya dai ce, "Allah ya san abin da Lawal ya turo, kai ma ka sani." Can ya jawo sifana daga aljihu. "Gyaran mai sauƙi ne. In kwance madubin nan, shi ke nan."

Abdulgaffar ya riƙe masa hannu. "A'a, Baba. Bar shi. Nan kaɗai nake ganinsa."

Tsohon ya dube shi, ya mayar da sifana. Da suka koma gareji ya samo guntun katako mai kaurin yatsa uku, ya ɗaure shi tamau da waya a kan abin taka kuloci, yadda ko ƙafa ta ja baya za ta kai shi ƙasa.

Ran kasuwa mutum tara suka yi ƙundumbala suka hau, da buhunan gero da tunkiya ɗaya. Da aka doso rafin hira ta ɗauke, wata tsohuwa ta fara jan carbi. Abdulgaffar ya karkata yadda ya saba, ya taka katakon, ya lallaɓa sandar. Giya ta biyu ta shiga, ko ƙis ba ta yi ba. Bayan mota ya kaure da hamdala.

Shi kuwa idonsa na madubi. Lawal na nan tsaye a tsakiyar yashi, hannuwa a miƙe, yana ƙara ƙanƙancewa yayin da motar ke hawa tudu.

"Sai na dawo, Yaya," in ji shi ƙasa-ƙasa, ya sa ta uku.