Na San Sunan Kuben Takobi da Rashanci, Ban San Zif Ba

Edita, lokacin da abin nan ya faru shekarata uku a Guangzhou, ina raka 'yan kasuwarmu na Kano da Maraɗi sayen kaya a kasuwar Shahe. Ni mutum ne mai ji da kansa a fagen karatu, don na yi zaman zaure a gida, kuma Allah ya hore mini hadda. Akwai wata 'yar China mai shagon rigunan sanyi a kasuwar Shisanhang, muna ce mata lawban, wato uwar ɗaki. Wata rana ta koka mini cewa Rashawa na zuwa shagonta amma ba ta da tafinta. Nan take na bugi ƙirji na ce ta ba ni wata takwas in koyi Rashanci, ta ce in na iya aikin nawa ne. Wallahi na ƙwallafa rai, domin na gaji da yawo da buhu a kafaɗa, gwiwata har ta fara yi mini ƙorafi.

Na aro ƙamus da littafin tsofaffin labaran Rashawa wajen wani dattijo ɗan Yamai da ya yi karatu a Rasha yana saurayi. Ya nuna mini wata 'yar alama da ake sa wa wasu kalmomi a gefe, ya ce ma'anarta kalmar ta tsufa. To a nan na tafka wautata. Mu a zaure mun taso da cewa tsohuwar kalma ita ce ta malamai, sabuwa kuwa ta 'yan tasha. Sai na bi ƙamus ina tsince masu alamar ɗaya bayan ɗaya, ina kwafewa a ɗan littafina, ina bita a jirgin ƙasa daga Panyu, unguwar da nake zaune, kamar mai tilawa. Sau biyu dattijon yana neman in karanto masa ya ji, ina zillewa, wai sai na gama zan ba shi mamaki.

Ranar gwaji wata dattijuwa 'yar Rasha ta zo da doguwar takardar kayan da take so. Na gyara hula, na rangaɗa mata gaisuwar da na fi ji da ita. Daga baya dattijon ya fassara mini cewa ce mata na yi ina buga goshina a ƙasa gaban mai alfarma, sai da na yi istigfari. Na tambaye ta lafiyar ayarinta, na kira rigunan lawban da sunan alkyabbar fadawa, na faɗi tsawonsu da ma'aunin da aka daina tun kafin a haifi uwarta. Sai matar ta fashe da dariya har ta zauna a kan dila. Da ta nutsu ta shiga tambayar zif da lambar riga da ranar lodi, ni kuwa ko ɗaya ban gane ba. Lawban ta ciro waya ta ƙarasa cinikin da fassarar na'ura, sannan ta dube ni ta ce meyo. Duk ɗan kasuwar nan ya san meyo na nufin babu.

Kunya ta rufe ni, amma kafin matar ta tafi ta roƙe ni in maimaita addu'ar bankwana da na yi mata, wai rabonta da jin ta tun daga bakin kakarta. Na maimaita, idonta ya ciko. Ta karɓi ɗan littafina ta rubuta mini kalmomi goma na kasuwa, ta farko zif. Aikin dai wani ɗan zangon Ghana ya samu, wanda Rashancinsa bai cika cokali ba, amma kalmominsa duk masu rai ne. Ni na koma Shahe da buhuna, yanzu kuma kowace Juma'a ina zama gaban dattijon nan ina karantowa yana gyarawa.

Ba na ƙin tsofaffin kalmomi, su suka sa baƙuwa ta tuna kakarta. Amma 'yan uwa masu koyon harshe, in kun ga alamar tsufa ku san kalmar don ku gane ta a littafi, kada ku ɗauke ta zuwa kasuwa. Kuma ku bari mai harshen ya saurare ku tun da wuri. Da na zauna gaban dattijon nan na minti biyar kacal, da yau gwiwata tana hutawa a kan kujera a Shisanhang.