Tambaya Ba Gaisuwa

Aji uku na yi a firamare, na ukun ma a bakin taga na yi shi. Amma ina da malami a Amurka wanda bai san da zamana ba, wani mai karanta labarai a talabijin. Shekara da shekaru ina kallonsa a ɗakin taron dattawa na Moss Side, unguwarmu a nan ƙasar Turawa. Na san shi tun ana tura shi cikin ruwa da iska yana riƙe da lema, har aka ba shi kujera, har kansa ya yi fari fat kamar nawa. Rabin Turancinsa wuce ni yake yi. Abu ɗaya na kama: mutumin nan ba ya gaisuwa. Babban mutum zai zauna gabansa, ko "ya iyali" babu, sai tambaya. In an kauce, ya maimaita.

Da gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, kansul, wato hukumar garin, ta ce za ta rufe ɗakin. Nan ne kaɗai mu tsofaffi muke samun ɗumi da hira. Aka kira taro, kowa minti biyu. Wani likita ɗan garinmu ya taso takanas daga Birmingham da takardu, ya ja ni gefe.

"Baba, don Allah ka bar mana maganar. Turancinka na cikin bas ne."

"To, Likita, Allah ya ba da sa'a."

Ya miƙe ya gaida shugabar taro, ya gaida na damanta da na hagunta, ya yi musu ban gajiya, ya shiga godiya. Ƙararrawa ta kaɗa bai buɗe takarda ba.

Na miƙe. Ban gaida kowa ba, da uwata na raye da na sha mari.

"Madam, ranar Litinin ina za mu zauna?"

Ta ce ana nazarin hanyoyi.

"Litinin. Ina?"

Ta ce ta fahimci damuwata ƙwarai.

"Ina?"

Likita ya ja bakin rigata. "Baba, kunya fa!"

"Sake ni, yaro. Kai da ka zo da ita, me ta sayo maka?"

Na ci gaba da maimaita tambayar. A karo na biyar matar ta ajiye biro, ta ce a rubuta: ɗakin bayan laburare a unguwar Hulme, kwana biyu a sati.

Namu dai an rufe shi. Sabon ɗakin hita ɗaya gare shi ta ɗumama mu, kujerun roba kuma suna cin baya. Na ce musu kwana biyu bai ishe mu ba. Duk farkon wata nakan hau bas in je ofishinsu in sake faɗa, har maigadin ya gaji da tambayata wurin wa na zo.