Mutumin da Ya Busa Ƙahon Mopanelink

Shekara uku ke nan Rabelani Madzena yana jin kukan ƙaho a kunnensa na hagu, bai kuma taɓa gaya wa likita ba. Yakan zo masa da rana tsaka, yana tsaye a danja a titin Rivonia da fasinja a baya, sai sautin ya taso ƙasa-ƙasa kamar kukan bijimi a bayan dutse. Ba ya tambayar kansa daga ina. Shi ya busa shi.

A ƙauyensu, can gindin duwatsun Venda, ubansa ne mai busa ƙahon taro. In ƙahon ya yi kuka, mai noma ya ajiye fartanya, mai daka ta jingine taɓarya, kowa ya nufi dandali. Ranar da Rabelani, yana ɗan shekara tara, ya saci ƙahon ya busa a bayan gida, mutum arba'in suka taru a banza. Uban ya zane shi har sai da yayarsa Tshinakaho ta kwanta a kansa ta karɓi sauran bulalar.

"Ka kira mutane," in ji uban yana haki, "me ka tanadar musu?"

Ya bar makaranta a aji tara. Ya yi shekara goma sha ɗaya yana jan bas tsakanin Thohoyandou da Johannesburg, kafin ya samu aikin tuƙa Wynand Loubser, wani dogon farar fata mai taunar busasshen nama a mota, mai kamfanin Mopanelink, manhajar aika kuɗi ta waya. Shekara goma sha huɗu Rabelani yana gaba, Wynand yana baya. Wynand yana waya kamar kujerar gaba babu kowa a kanta, shi kuwa Rabelani ya iya shiru irin na ƙofar mota.

Wata safiya Wynand ya miƙo masa fayil ta saman kafaɗa.

"Rabs, mutumina, sa mini hannu a nan. Ka san gwamnati, sai ta ga baƙar fuska cikin masu kamfani kafin ta ba da kwangila. Ba ruwanka da komai, suna kawai."

Ya shige taro ya bar shi da fayil ɗin awa biyu. Rabelani ya karanta shi daga fari har ƙarshe, ya koma ya sake. A shafi na uku ya ga sunansa, da kalma guda a gefensa: darakta. Ya ɗora yatsa a kanta ya daɗe. Ba wanda ya tsare shi da bindiga, ba a ma ƙara masa albashi ba sai da shekara ta zagayo. Kalmar ce kawai ta yi masa daɗi, daɗin da bai taɓa sanin yana jin yunwarsa ba.

Wata biyu kafin kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari, aka aike shi da kwalaye wani sito a Midrand. Mai gadi ya tafi fitsari ya bar ƙofar ciki a buɗe. Rabelani ya leƙa. Kantoci ne jere har rufi, kowace kanta cike da wayoyi, dubbai, duk a jone da wuta. Babu mutum ko ɗaya. Wannan ta haskaka ta mutu, waccan ta amsa, suna ta aika wa juna kuɗi su kaɗai, ɗakin sanyi ƙalau, ba ka jin komai sai fanka. Ya tuna abin da Wynand ke faɗi a waya kowace rana: mutum miliyan uku ne ke amfani da manhajarmu. To ga mutanen nan a kan kanta. Ya ajiye kwalayen ya ja ƙofar a hankali, kamar wanda ya shiga ɗakin gawa bisa kuskure.

A makon nan ne Tshinakaho ta kira shi. Ta yi ritaya daga aikin jinya bayan shekara talatin da huɗu, an ba ta kuɗin sallama. Ta fara da Vho, kalmar girmamawa da ake sa wa sunan manya a yarensu.

"Vho-Darakta! An ce sunanka na cikin littafin kamfani. Ɗan limamin cocinmu ya nuna mini. Kai da ko wandonka ba ka iya wankewa!"

"Yaya, ki bar tsokana."

"Ina tambayarka da gaske. In sayi hannun jarin? Matan ƙungiyarmu ta adashin jana'iza ma suna jira su ji daga bakinka."

Yana zaune a mota a ƙarƙashin bene, injin a kashe. Abin da zai ce gajere ne: ni direba ne, kada ki saya. Amma tunda aka haife shi yayarsa ba ta taɓa tambayarsa shawara ba. Ita ke biya, ita ke yanke magana, ita ke karɓar bulala.

"Ai kin ga sunana a ciki," in ji shi. "Da ba shi da kyau zan zauna?"

Ranar shiga kasuwa, a Sandton, aka saya masa kwat. Al'adar wurin ce sabon kamfani ya busa murɗaɗɗen ƙaho idan za a buɗe ciniki. Wynand ya gwada a ɗakin jira, abin da ya fito ya sa masu rabon shayi suka juya baya suna dariya. Shugaban kuɗi ya gwada har fuskarsa ta yi ja.

"Kai, Rabs," in ji Wynand, "ku ba irin wannan kuke yi a ƙauye ba? Zo ka fitar da mu kunya."

Ƙarfe tara daidai Rabelani ya ɗaga ƙahon. Bai yi niyyar busawa da kyau ba, amma leɓɓansa ba su manta ba. Sautin ya fito dogo, mai kauri, irin na ubansa sak, ya cika zauren har gilasai suka yi rawa. Aka yi tafi. Sunan kamfanin ya fito kore a allo. Washegari hotonsa yana cikin jarida, kumatu a kumbure, Tshinakaho ta sa shi a gilashi ta rataye kusa da hoton iyayensu.

Wata goma sha tara aka yi. Wani ma'aikaci ya kai hoton siton Midrand ga hukumar da ke sa ido kan kasuwa, aka dakatar da cinikin hannun jarin, bai kuma sake dawowa ba. Wynand ya koma magana ta bakin lauyoyi. Kuɗin sallamar Tshinakaho suka narke a ciki; tana da shekara sittin da uku ta kafa tebur a kasuwar Tshakhuma tana sayar da ayaba da fiya a bakin titi. Ko sau ɗaya ba ta zargi Rabelani ba, wannan ne ya fi cinsa.

"Sun yaudari ƙanena," take gaya wa kowa. "Bawan Allah, Turancin nasa na tashar mota ne. Sun ba shi takarda ya sa hannu kamar makaho."

Da hukumar ta kira shi Pretoria, sai ta ce ƙafarta ƙafarsa. Ta sako shuɗin kayan cocinta, ta zauna a kujerar bayansa da jaka a cinya. Jami'ar binciken, Nokwanda Shezi, yarinya ce sa'ar 'yarsa, mai magana a hankali. Ta riga ta rubuta masa bayanin.

"Baba Madzena, irin naka mun gani da yawa. Wani mai shara ne, wani mai ban ruwan fulawa. Ga shi nan: ba ka san abin da ka sa wa hannu ba, ba ka san komai game da siton ba. In haka ne, ka rantse ka sa hannu, ka koma gida. Ba kai muke nema ba."

Ta turo masa takardar da biro. Ya san in ya sa hannu shi ke nan, zai mutu yana bawan Allah a idon yayarsa. Ya duba shafin. Fari ne, shafi ɗaya tak, ya fi na Wynand sauƙi. A kunnensa na hagu ƙahon ya fara, can ƙasa.

"'Yata, na karanta waccan takardar."

"Baba?"

"Sau biyu. Siton ma na gan shi da idona, wata biyu kafin a buɗe ciniki. Ni na kai kwalayen." Bai waiwaya ba. "Bayan na gani ne wata ta tambaye ni ko ta saya, na ce ta saya."

Nokwanda ta janye takardar a hankali. Ta ce ya dakata haka, yana da haƙƙin neman lauya kafin ya ƙara ko kalma ɗaya, domin yanzu maganar ta canja. Ya ce ya ji. A bayansa bai ji motsi ba, ko numfashi.

A wajen ajiye motoci rana ta take. Tshinakaho tana tafiya gabansa da 'yar ɗingishinta ta tsofaffin ma'aikatan jinya. Ya so ta zage shi, ta kira sunan ubansu, ta ɗaga jakar ta maka masa. Ta tsaya a gefen motar hayar da yake ja.

"Me ya sa?"

"Kin ce mini Vho-Darakta."

Ta dube shi tsawon lokaci, irin kallon da take yi wa ciwo kafin ta san ko zai warke.

"Kai ni tashar Bosman, Rabelani. Motar ƙarfe biyu nake so."

Ya yi sauri ya buɗe mata ƙofar gaba, inda ta zauna da safe tana ɓare masa lemo. Ta wuce ƙofar, ta buɗe ta baya da kanta, ta shiga ta ɗora jakar a cinya. Ya zagaya ya zauna a mazauninsa, ya gyara madubi yadda ba zai ga fuskarta ba. Kafin ya tayar da injin ya ɗan saurara. Ƙahon yana nan.