Gwamma Mai Sharar Imajensi

Shekara ashirin da shida Gwamma ta yi tana sharar ɗakin taimakon gaggawa na wani asibiti a Gwarzo, ɗakin da kowa ke kira imajensi. Mutuniyar Kara ce, ba ta yi boko ba, karatun allo ma izu biyu ta samu. A wannan ɗakin mijinta ya cika bayan hatsarin mota a hanyar Kabo. Ranar, da hawayenta da komai, ta roƙi bokiti ta wanke jininsa da hannunta don kada wani ya taka. Babbar nas ta lokacin tana kallo. Da Gwamma ta fita takaba sai nas ɗin ta aika aka kira ta, aka ba ta aiki.

Likita Abdulnasir ya yi wata huɗu da dawowa daga birni bai san sunanta ba. Inna kawai yake ce mata, yana ɗage ƙafa in ta zo da tsintsiya.

Wata Asabar da la'asar sakaliya aka shigo da wani magidanci, Zailani, tela ne daga Gammo. Ya dafe ƙirji da hannu biyu, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, yana cewa kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Mahaifinsa Malam Bashari ne ya kawo shi, dattijo mai makarantar Islamiyya da duk yankin ke ganin girmansa. Likita ya auna, ya ga jini ya hau, zuciya kuma tana gudu kamar za ta fasa ƙirji.

"Ka sha wani abu yau? Ƙwaya ko makamancinta?" in ji likita.

Zailani ya saci kallon mahaifinsa. "Ban sha komai ba."

"Ɗana ko sigari bai sani ba, likita," in ji Malam Bashari.

Likita ya ce wa nas ta haɗa allurar da ke rage gudun zuciya. Gwamma tana goge ƙasa a gefen gadon. Ta ɗago ta dubi idon mara lafiyan, ta ga baƙin ya buɗe fal, ta ga yadda yake ta murza hanci. Ta jingine sandar gugar, ta rusuna gaban dattijon.

"Allah ya gafarta Malam, an yi la'asar kuwa?"

"Ina na ga ta sallah, Inna?"

"To ai addu'arka ta fi duk abin da ke cikin kwalaben nan. Ga buta can bakin famfo. Ni zan tsaya masa."

Dattijo ya fita. Gwamma ta yi wa likita wani kallo, ta ja labule tsakaninsa da gadon. Ransa ya ɓaci, har ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ji muryarta ta canza, ta koma irin ta uwa a tsakar gida.

"Ɗan nan, ni ba 'yar sanda ba ce, ba kuma malama ba. Shara nake yi. Na ga masu irin idonka da yawa a kan gadon nan. Waɗanda suka faɗi gaskiya, akasarinsu da ƙafarsu suka fita."

Zailani ya yi nishi.

"Inna, in Baba ya ji, na kashe shi."

"In ya ɗauki gawarka fa? Faɗa mini ni kaɗai. Kunnena rijiya ne."

Sai ga magana ta fito a guntu-guntu. Walimar auren abokinsa aka yi da rana, wani da ya zo daga kudu ya fito da hodar iblis a ɗakin ango, aka yi ta yi masa dariya wai shi ɗan malam ne. Ya shaƙa sau biyu.

Gwamma ta ce, "To likita ma rijiya ne, ka yarda in sa shi a ciki?" Zailani ya gyaɗa kai.

Likita Abdulnasir ya dubi allurar da ke hannun nas. Ya san ga wanda ya shaƙi wannan abu, tana iya ƙara matse jijiyoyin zuciya maimakon ta kawo sauƙi. Ya ce a ajiye ta. Ya sa aka yi wa Zailani wadda ke kwantar da jiki, aka sa masa ƙwaya ƙarƙashin harshe, aka jona masa iskar numfashi. Kafin magariba dutsen ya fara sauka daga ƙirjin Zailani. Washegari aka tura shi Kano don a duba zuciyar sosai, bayan kwana biyar ya dawo gida.

Da daren Asabar ɗin nan likita ya sami Gwamma a bayan ɗaki tana wanke bokiti. Ya daɗe a tsaye kafin ya yi magana.

"Inna, wa ya koya miki allurar nan ba ta dace da shi ba?"

"Ni ina na san allura, likita? Na dai san mutum ba ya tsiraita gaban ubansa."

Ya tambayi nas-nas, suka yi dariya, suka ce ai likitoci bakwai suka wuce kafinsa, kowanne sai da ya zo ya yi wannan tsayuwar. Daga ranar, in aka kawo mai ciwon ƙirji da danginsa sun kewaye gado, sai ka ji ya ɗaga murya yana cewa a kira masa Inna Gwamma ƙasa ta ɓaci.

Bayan sati biyu Malam Bashari ya dawo shi kaɗai. Ya gaishe ta doguwar gaisuwa, ya tambayi gida da yara da gajiya, sannan ya sunkuyar da kai.

"Zailani ya faɗa mini komai da bakinsa. Ashe korata kika yi ranar nan."

"Sallah na tura ka, Malam."

Dattijon ya yi murmushi, idonsa ya kawo ruwa. Ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a mai tsawo a nan tsaye a baranda, har masu jinya da ke wucewa suka tsaya suna cewa amin.